Kiɗa Ne Gaba Ko Magana? Tsohuwar Gardama a Waƙar Hausa

Ranar 6 ga Fabrairu 2022, da labarin rasuwar mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar ya iso daga Mumbai, an yi jimami a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi sai ka ce 'yar gida ce ta tafi. Dattawan da suka yi samartakarsu a layin sayen tikiti na silimar Plaza da Eldorado suka yi ta tuno waƙoƙinta, wasu har da rerawa. Abin lura shi ne, kaɗan ne cikinsu za su iya gaya maka abin da baiti guda yake nufi. Shekara da shekaru suna tauna kalmomin Indiyanci yadda kunne ya kama, daidai ko ba daidai ba, kuma hakan bai rage musu komai a daɗin ba.

Waɗannan dattawan kuma su ne za ka tarar a majalisa bayan la'asar suna yanke wa waƙoƙin zamani hukunci da magana ɗaya: ba ma'ana, kiɗa ne kawai. Idan ma'ana ce ma'auni, me suka ji a wajen Lata da Mohammed Rafi? Idan kuma daɗin sauti ya isa, mene ne laifin yaran yanzu? Gardamar ta fi ƙarfin a ce tsoho da yaro ne suka saɓa, domin mutum ɗaya ne yake riƙe da ra'ayoyin biyu, ya danganta da waƙar da aka sa masa.

Babu musu, a gadon da Bahaushe ya tarar magana ce uwar gida. Makaɗin fada ba don zaƙin kotso ake ba shi doki da riga ba. Ibrahim Narambaɗa ya ci abinci a fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu, saboda ya iya jero asali, ya iya ɗaga ubangidansa sama da sa'o'insa, ya kuma iya zambo mai sa ɗan sarkin da ke hanƙoron sarauta ya kwana bai runtsa ba. Haka Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, haka Musa Ɗanƙwairo a waƙoƙin da ya yi wa Sardauna da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Wanda aka yi wa zambo ba amon ganga yake tsoro ba. Tsoronsa kada a siffanta tafiyarsa ko rawaninsa ko rowarsa da kalmar da yara za su ɗauka su bi shi da ita har kasuwa, ta zame masa suna har bayan ransa.

Tsarin waƙar ma ya nuna haka. Akwai gindi, wato amshin da ake komawa gare shi, akwai kuma ɗiyan waƙa da jagora yake ta zubawa. Kiɗan yakan tsaya wuri guda daga farko har ƙarshe, minti ashirin ko fiye, bai sauya ba. Abin da ke tafiya shi ne zance. Mai sauraro ya san kiɗan tun a minti na farko, abin da yake jira shi ne me za a ce kuma.

Mamman Shata, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, shi ne babbar hujjar masu wannan ra'ayi. An san shi da rashin zaman shirya waƙa. Yakan ba 'yan amshi gindi, makaɗa su ɗauki kalangu, shi kuwa ya shiga zuba zance nan take, har ya sako wanda ya gani ya shigo filin yanzu. Shi ya sa waƙa ɗaya idan ya yi ta a wurare uku sai ta fito iri uku. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa, ya yi wa ƙasashen da ya ziyarta, har kumbon Apollo 11 da ya kai Amurkawa duniyar wata a 1969 bai tsira ba. Baƙon da ba ya jin Hausa idan aka jera masa waƙoƙin Shata goma zai iya rantsuwa waƙa biyu ce ake maimaitawa. Bahaushe kuwa ba zai taɓa haɗa su ba. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, harshensa ta karrama.

Ɗan Maraya Jos ya fi kowa nuna iyakar ƙanƙantar kayan kiɗan da waƙa za ta iya rayuwa a kai. Kuntigi ɗan abu ne da tafin hannu zai rufe: gwangwanin kifi da aka rufe bakinsa da fata, aka soka masa siririn itace, aka ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Muryoyin da yake bayarwa ba su da yawa. Ba 'yan amshi, ba sanƙira, daga shi sai wannan ɗan gwangwani a ƙirji. Amma da shi ya zana rayuwar karen mota, da rigimar miji da mata inda yake sauya murya ya zama mijin ya zama matar, da halin ɗan Adam. Har ya rasu a watan Yuni 2015 bai ga buƙatar ƙara tsirkiya ta biyu ba. Lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, da kuma lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, irin waɗannan mawaƙa aka nema su wayar da kan jama'a ta rediyo, don an san mutane suna sauraron abin da suke faɗa.

Da a nan zancen ya tsaya, da dattawan majalisa sun ci gari. Sai dai akwai abin da suke tsallakewa.

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da matsayinta, sama ko ƙasa ko faɗuwa, kuma wannan hawa da sauka shi ke raba kukan jariri da kukar miya, ya raba wuyan riga da wuyar rayuwa. Ke nan tun kafin mawaƙi ya ɗaga murya, jimlar da zai faɗa ta riga ta zo da nata rauji. Gwanin gargajiya ba ya faɗa da wannan. Yakan bi bayan karin maganar, ya ja nan, ya danne can, ya ƙara mata tsawo da armashi, amma da wuya ya juya ta. Manazartan harshe da suka auna waƙoƙin baka na Hausa sun ga raujin yakan bi karin kalmomin a mafi yawan wurare. Shi ya sa idan Narambaɗa yana waƙa sai ka ji kamar magana yake yi da kai, maganar ce kawai ta yi fukafuki.

Kalangu ne ya fi fito da wannan fili. Ka tsaya kusa da makaɗi ka duba hammatarsa. Gangar mai siririn ƙugu ce, baki biyu, igiyoyin fata sun haɗa bakin gaba da na baya. Idan ya matse ta da damtse igiyoyin su ja fatar, amon ya hau. Idan ya saki, amon ya sauka. Da lanƙwasasshen ɗan sandan da ke hannun dama da yatsun hagu da ke taɓa gefen fatar, sai ya fitar da hawa da saukar jimla sukutum, da gajerun gaɓoɓinta da dogaye, ba tare da ya buɗe baki ba. Ɗan kuntuku yana gefe yana riƙe da lokaci. Mahaucin da ke can bakin rumfarsa ya ji, ya ajiye wuƙa, domin takensa aka kaɗa. Ɗan dambe ya ji nasa ya fara tsuma tun mawaƙinsu Ɗan Anace bai ambaci sunansa ba. Kakaki da algaita a ƙofar fada ranar Juma'a kirarin sarki suke busawa, kuma 'yan gari sun san abin da suke cewa. A irin wannan wuri, ina kiɗa ya ƙare, ina magana ta fara? Wanda bai san taken ba amo kawai zai ji. Wanda ya sani kalmomi yake ji.

Malaman da suka ƙi kiɗa ma ba su iya rabuwa da rauji ba. Shugabannin jihadin ƙarni na 19 sun soki ganguna da tarukan rawa, amma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u waƙa suka mayar hanyar karantarwa. Matan nan da ake kira jaji, waɗanda Nana Asma'u take turawa ƙauyuka wajen ɗalibanta 'yan taru, haddace waƙoƙin suke yi, kuma da rerawa ake haddacewa. Rubutacciyar waƙa a ƙasar Hausa ba a yi ta don a karanta a zuci ba. Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da Mu'azu Haɗeja duk da murya waƙoƙinsu suka shiga gari, ko tasu ko ta masu rera musu. Misalin da ya fi kowanne armashi shi ne na Aliyu Namangi na Zariya. Waƙarsa Imfiraji ta wa'azi ce tsantsa, tana tunatar da mutuwa da hisabi, amma manazarta sun nuna karinta na caji ne, kiɗan nishaɗi da samari da 'yan mata suke rububinsa a zamaninsa. Malam makaho ne, kunnensa kuwa ya gaya masa abin da jama'a suke so. Ya ɗauki abin da ya riga ya zauna a bakinsu ya ɗora masa wa'azi, sai ga almajirai da makafi suna yawo da ita ƙofa ƙofa har yau. Da a wani kari mai nauyi ya zuba ta, anya da ta wuce zauren malamai?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar littafin da aka rubuce waƙoƙin Shata a ciki ya san ɗaya gefen abin. A takarda za ka ga maimaici, ka ga jerin sunayen mutanen da ba ka sani ba, ka ga layin da bai kai ya kawo ba. Sai ka sa kaset ɗin, layin nan da ka raina ya tashi da rai, saboda inda ya ɗan jinkirta kafin ya sake shi, da yadda ya faɗo daidai kan bugun kalangu, da yadda 'yan amshi suka cafe. Ba banza aka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba.

Abin da ya sauya a shekaru sittin ɗin nan, a ganina, shi ne wanda ake fara haifa tsakanin magana da rauji. A da magana ce take zuwa da raujinta. Finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu gidajen silima suka fara kawowa tun kafin samun 'yancin kai, su suka koya wa kunnen Bahaushe son rauji shi kaɗai, wanda ba ruwansa da kalmar da ke ƙarƙashinsa. Masu goge irin su Abdu Yaron Goge suka fara ɗauko muryoyin waƙoƙin Indiya suna ɗora musu Hausa. A Kano, ƙungiyoyin bandiri da aka sani da Ushaƙu Indiya suka mayar da muryoyin soyayyar fim zuwa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hujjarsu ita ce ta Namangi: tun da samari sun riga sun kamu da muryar, gara a cika ta da alheri. Masu sukarsu kuwa suka ce muryar ba fanko ba ce, wanda ya ji ta sai ya tuno jarumar fim tana rawa a lambu, ko me aka ɗora a kai. Wannan saɓani shi kansa shaida ne cewa rauji yana ɗauke da nasa saƙo, ko an so ko ba a so ba.

Sai finafinan Hausa suka zo, daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya da Wasila a mashigar shekarar 2000, tare da fiyanon Yamaha da ta haɗa ganga da sarewa da goge a akwati guda. Daga nan aka samu abin da ake kira nanaye, namiji da mace suna ba juna amsa. Shiga kowane situdiyo a titin Gidan Zoo ka ga yadda aikin yake. Mawaƙi ya zo da 'yar murya a baki, yana ta gunguninta ba kalma ko ɗaya. Makaɗi ya laluba ta a fiyano, ya zaɓi bugu, ya daidaita sauri, ya jera kiɗan a kwamfuta. Sannan mawaƙi ya koma lungu da wayarsa yana neman kalmomin da za su shiga ramukan da aka riga aka haƙa, su kuma ƙare da harafi ɗaya. Tela ne aka ba shi ɗinkakkiyar riga aka ce ya nemo mai jikin da za ta yi wa daidai. Idan aka yi sa'a, a samu. Idan ba a yi ba, sai a ja gajeren wasali ya yi tsawo, a ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, a cusa kalmar da ba ta da aiki a wurin don dai layi ya cika. A ƙarshe na'ura ta goge muryar ta yi sumul. Yawancin abin da dattijo yake ji ya ce ba ma'ana, wannan ne: kalmomin Hausa ne, amma ba a kan karin Hausa suke tafiya ba, sai kunnensa ya kasa kama su.

Duk da haka wannan sauti ya yi tafiyar da kalangun Shata bai yi ba. Mdou Moctar, Buzun Nijar da yanzu yake cika dandali a Turai da Amurka da gitarsa, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da harshensa amma da salon muryar na'ura irin ta finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka ratsa Sahara. Rauji ba ya neman tafinta a kan iyaka. Zambon Narambaɗa kuwa ko Bahaushen Kano sai an yi masa fashin baƙin Gobiranci da tarihin gidan sarautar Isa kafin ya yi dariya a inda ya kamata.

Rashin adalci ne kuma a yi wa mawaƙan fiyano kuɗin goro. Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, marubucin littattafai ne kafin ya shahara a waƙa, kuma da baiti a rubuce yake shiga situdiyo, kiɗa ya biyo baya. Masoyan Nura M. Inuwa kalamansa suke kwafa suna tura wa juna. Naziru Sarkin Waƙa ya koma wa salon fada da kirari da habaici, fiyano tana kwaikwayon kotso. Dauda Kahutu Rarara kuwa, ko kana son siyasarsa ko ba ka so, abin da ya sa waƙoƙinsa suka yi tasiri a zaɓen 2015 shi ne zambo, tsohon makamin nan na makaɗan fada, ya dai sauya ubangida daga sarki zuwa ɗan takara. Hukuma ma ta san inda dafin yake. Da kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11 a Kano a 2009, har aka kama Alan Waƙa a kan waƙarsa Hasbunallahu, ba bugun fiyano aka tuhuma ba.

Waƙar rawa zalla kuma ba yau aka fara ta ba. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker da ta sa matan aure suka yi ta ɗaukar bidiyon rawa a zaman kullen korona na 2020, da waƙoƙin Ado Gwanja da ke tayar da mata a gidan biki, jikokin amada ne. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da ƙwaryarta a kife cikin ruwa take tayar da taron suna, kuma malaman zamaninta ba su raga mata ba. Kalangun 'yan mata a dandali ma haka. Mukan manta cewa abin da ya iso mu daga shekarun 1960 da 1970 zaɓaɓɓe ne, wanda gidan rediyon Kaduna ya ga ya cancanci naɗa, masu sauraron shirin Zaɓi Sonka suka yi ta nema, masu kaset suka yi ta kwafa. Tarkacen wancan zamani ya bi iska. Namu tarkacen kuwa yana nan a waya, kullum muna tuntuɓe da shi, sai muke auna shi da zaɓaɓɓen na da.

Akwai kuma hannun jami'a a cikin karkatar ma'aunin. Nazarin waƙar Hausa a sassan harsuna ya girma, a Kano da Zariya da Sakkwato. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai suke bi, da turke da tubalai da salo. Aiki ne babba, ba don shi ba da an yi asarar abu mai yawa. Amma ɗalibin da aka horar a kan harshe abin da zai iya rubutawa a takarda shi zai nazarta. Sai ka ga kundi mai kauri a kan azancin mawaƙi, kiɗan kuwa an sallame shi da shafi biyu na jerin sunayen ganguna. Yadda bugun Ɗanƙwairo ya bambanta da na Narambaɗa, alhali duk kotso ne, kunnuwan tsofaffi ne kawai suke riƙe da shi, su kuma suna ta tafiya.

Rabon suna da kuɗi ma haka yake bi. Yaro ƙarami ya san Shata, amma a nemi mutum ɗaya a majalisa da zai kawo sunan wanda yake riƙe masa babban kalangu, sai a yi ta kallon juna. A situdiyo yau, makaɗi kuɗin aikinsa ake biyansa sau ɗaya. Idan ya yi sa'a a ambaci sunansa a daƙiƙun farko na waƙar kafin mawaƙi ya shigo. Waƙar ta yi tashe a YouTube da TikTok, a kira mawaƙi biki a Abuja ko Yamai ko Kumasi, a yi masa liƙi, a ba shi mota, alhali sau da yawa abin da ya ja mutane tsakar fili shi ne ɗan bugun da makaɗin ya laluba da tsakar dare. Shi kuwa yana can a ɗakinsa mai soso a bango, wani mawaƙin ya shigo da sabuwar murya a baki, yana tambaya nawa ne kuɗin kiɗa.